Wa Aka Bar wa Reno a Wurma?

Shekaru hamsin baya, jaririn da aka haifa a Wurma ba ya kai ranar suna sai ya ratsa hannuwa da yawa. Ungozoma ce ke fara ɗaukarsa, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki. Kaka ta karɓa ta yi masa wanka, ta riƙa gasa masa cibi safe da yamma. Uba ko malamin unguwa ya yi masa huɗuba a kunne. Ranar bakwai wanzami ya zo da zabirarsa ya yi aski, ya tafi da rabonsa na nama da hatsi. Maijego kuwa, in haihuwar fari ce, ba ma a ɗakin mijinta take ba. Tun da ciki ya tsufa aka mayar da ita gaban uwarta goyon ciki, ba kuma za ta dawo ba sai ta yi arba'in, wata har ta zarce. Aikinta a waɗannan kwanaki bai wuce ta ci, ta yi wanka, ta ba da nono ba. Itacen dafa ruwa miji ne ya tara shi tun kafin haihuwa. Daka da girki da wankin tsumma duk na wasu ne.

Wurma gari ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Kurfi, ba nisa da Dutsin-Ma, a tsakiyar Jihar Katsina. Gero da dawa da wake da gyaɗa ake nomawa, awaki da tumaki kusan kowane gida, shanun huɗa ga mai hali. Wanda ya san yadda ake renon yaro a nan ya san na Birchi da Tsauri da Barkiya, domin tarbiyyar ɗaya ce. Daga wancan lokaci zuwa yau abubuwa da dama sun sauya a rayuwar ƙananan yaran yankin, wasu alheri ne tsantsa. Amma akwai sauyi guda da ba a cika sa shi a lissafi ba, shi ne yawan mutanen da ke tsaye a kan yaro ɗaya. A da suna da yawa. Yanzu a gidaje da dama sun koma biyu: uwa da yayar yaron.

Tushen wancan yawa gandu ne. Uba da 'ya'yansa maza masu aure suna noma gona ɗaya, ana ɗibar hatsi daga rumbu ɗaya, matan gida suna girki bi da bi, kowane ɗa kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake taɓawa da yamma. Baturiyar Ingila Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa, kan hanyar Katsina, a 1967 tana nazarin zaman manoma, ta bayyana wannan tsari a littafin da ta fitar a 1972. Ta lura cewa gandu yakan riƙe muddin uba na raye, in ya rasu da wuya 'yan'uwa su daɗe ba su raba ba. Ta kuma lura da yadda matan kulle ke ciniki daga cikin ɗakunansu, yara su ne 'yan aike tsakanin wannan gida da wancan. Ga yaro ɗan shekara uku, ma'anar gandu mai sauƙi ce: duk ƙofar da ya faɗa a gidan akwai mai sa masa loma a baki, akwai kuma mai daka masa tsawa in ya nufi murhu.

Wannan ne ya sa kunyar ɗan fari ta yiwu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ta kau da kai. Baƙo zai ɗauka ƙi ne, alhali ta san kafin ya buɗe baki kishiyarta ko matar ƙanin mijinta ta ɗaga shi. Kaka kuwa ba ta da wannan takunkumi. Jikanta namiji maigidanta ne, mace kishiyarta ce, ta tsokane su su tsokane ta, a ɗakinta ake ɓoye ɗumame da guntun ƙuli. Idan yaro ya doshi shekara biyu, wurinta ake kai shi yaye, a dama masa kunu, a karɓo masa rubutu, ya yi kukansa na kwana biyu ya manta. Wani daga nan ya zauna ke nan. Gwaggon da Allah bai ba haihuwa ba a ba ta riƙo, ta raina ta aurar, ba wanda zai ce ba ɗanta ba ne. Da aka ce ɗa na kowa ne, a aikace ake nufi: maƙwabci ya tarar da yaro yana ɓarna ya hore shi nan take, in labari ya isa gida a ƙara masa.

Wuni yana da tsari. Da asuba makarantar allo, da hantsi kunu ko koko, sannan maza su bi awaki ko su kai fura gona, mata su ɗauki faranti ko su goya ƙane. Bayan tuwon dare, musamman in wata ya yi fari, gari ya koma na yara. 'Yan mata na gaɗa a dandali, samari na langa da kokawa, ƙanana na gindin tsohuwa suna sauraron labarin Gizo da Ƙoƙi har barci ya kwashe su, a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. A nan yaro ke koyon magana, ya san habaici, ya san wanda ake wasa da shi da wanda ake durƙusa wa.

Sai dai duk wanda zai yi kewar wancan zamani, ya dace ya fara tambayar tsofaffin matan garin 'ya'ya nawa suka haifa, nawa suka rayu. Amsar ba ta da daɗin ji. Ƙyanda kan shigo da bazara ta bi gida-gida. Ga tarin shiƙa, ga sanƙarau, ga gudawa lokacin haƙori, kafin su kuma ga agana. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe da Barmani ba don ado aka raɗa su ba, laƙabi ne na 'ya'yan matar da ke wabi, wadda ta binne har ta gaji. Fari na 1973 da na 1984 sun ƙara nasu. Wasu al'adun ma da aka yi da kyakkyawar niyya sun cuci yara da iyayensu mata. Ana matse ruwan nonon farko a zubar, a ce ba shi da kyau, a ba jariri ruwa ko madarar akuya, alhali wannan nono mai kauri shi ne kariyarsa ta farko. Aska ɗaya ta yi cire beli a gida uku. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke kasawa bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Hannuwan reno suna da yawa a lokacin, amma ba su da maganin ƙyanda.

Abin da ya biyo baya ya zo a hankali. A 1976 aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, makarantun boko suka isa ƙauyuka, ko da yake iyaye da yawa sun ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko sun tura su almajiranci don kada a rubuta su. A 1980 aka bayyana cewa agana ta ƙare a duniya baki ɗaya. Allurar rigakafi ta fara zama abin da uwa ke zuwa nema da kati a hannu. Injin niƙa ya rage wa mata daka, rijiyar burtsatse ta rage wa yara tafiyar ɗibar ruwa, babur ya maye gurbin jaki wajen kai marar lafiya Kurfi ko Dutsin-Ma. Wayar salula ta shigo ƙasar a 2001, bayan wasu shekaru ta iso karkara. Dutsin-Ma kanta ta cika ta batse, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, har yaron Wurma ya iya ganin ɗan garinsu da ya yi digiri ba tare da ya bar yankin ba.

Rigakafin shan inna ya sha turjiya a Arewa, musamman a 2003 da 2004. Tambayar da magidanta ke yi a lokacin tana da ma'ana: me ya sa ake biyo mu har gida da wannan ɗigo kyauta, amma in zazzaɓi ya kama yaro sai mun saya? Sarakuna da malamai sun shiga cikin lamarin, aka ci gaba, har a Agustan 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar cutar shan inna ta bar Afirka. Ita ma tambayar magidantan ta sami amsa daga baya. Tun 2013 aka fara gwada ba yara 'yan wata uku zuwa shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a Katsina, wata-wata a tsawon damina, ana bi gida-gida. Uwar da ta ga ɗanta ya ratsa Agusta da Satumba bai suma ba, ba ta bukatar a yi mata dogon bayani.

Duk da haka alƙaluman ba su ba da damar murna sosai ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 1990 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, kusan 190 ba sa kai shekara biyar. A binciken 2018 adadin ya sauko zuwa 132 a ƙasa baki ɗaya, amma a Arewa maso Yamma 187 ne. Wato inda ƙasar take a 1990, nan yankin yake bayan kusan shekara talatin. Binciken ya kuma nuna cewa kusan shida cikin goma na ƙananan yaran Katsina ba su kai tsayin shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma macen Katsina kan haifi 'ya'ya 7.3 a matsakaici, fiye da ta kowace jiha.

A daidai lokacin da magani ke ƙaruwa, gandu yana watsewa. Gonar da ta ciyar da gida ɗaya a zamanin kaka an raba ta gado sau biyu ko uku, kowa ya sami abin da bai kai ya riƙe shi shekara ba, ƙasar kuma ba ta bayarwa sai da takin zamani. Saurayi ya yi aure, ya ja katanga, ya kafa tukunyarsa. Cin rani a da sunansa ya faɗi lokacinsa: a tafi bayan kaka, a dawo kafin shuka. Yanzu akwai magidantan da ke Abuja ko Legas ko Fatakwal suna acaɓa ko gadi ko turin ruwa, ba sa zuwa gida sai da salla. Yaro ya san muryar ubansa a waya kafin ya saba da fuskarsa. Kuɗin cefane kan zo ta hannun mai POS, in an samu. Ba laifin mazan ba ne, ba su tafi don jin daɗi ba. Amma matar da aka bari da 'ya'ya huɗu, ga ciki, ga awara ko ƙuli da take yi na sayarwa, ita ce uwa, ita ce uba, ita ce kuma mai yanke shawarar ko zazzaɓin daren nan ya kai na zuwa asibiti.

Sannan 'yan bindiga suka zo. Yamma da Kurfi akwai Safana da Batsari, bayan su dajin Rugu, inda satar shanu ta rikiɗe ta zama satar mutane. A ƙarshen Agustan 2019 suka shiga Wurma da dare, suka bi gidaje, suka tafi da mutane da dama, mafi yawansu mata, suka kora dabbobi. Ba shi ne zuwansu na ƙarshe ba. A Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara, kowane uba a jihar ya sake tunani a kan tura ɗa makaranta mai nisa. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Kurfi da Dutsin-Ma, wata da watanni. An yi haka ne don a toshe wa ɓarayi hanya, amma matar da mijinta ke Legas ita ma an toshe mata, ba murya, ba aike.

Ana ƙirga waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace, kuma wajibi ne a ƙirga. Abin da ba ya shiga rahoto shi ne yadda tsoro ya sake wa reno tsari. Dandali ya mutu, don ba uwar da za ta bar ɗanta waje bayan isha'i. A lokutan da abin ya yi tsanani, iyalai a ƙauyukan yankin kan fita da la'asar su kwana a gari su dawo da safe, wasu su kwana a cikin gona. Uwa ta kwanta da zanen goyo a kusa, ta riga ta raba wa kowane babba ƙaramin da zai ja in an ji harbi. Mai jariri ta sa masa nono a baki don kada kukansa ya tona inda aka ɓuya. Yaron da a da ake koya wa gaisuwa da amsa kira, yanzu darasin farko da yake samu shi ne yin shiru. Waɗanda suka yi ƙaura gaba ɗaya kuwa, gidan da ke da sassa biyar ya rabu biyar: kaka tana wurin wata 'yarta a Dutsin-Ma, wan miji ya nufi Katsina, maijego tana ɗakin haya ko kango tare da mutanen da ba ta taɓa gani ba. Ba wanda ya soke goyon ciki ko yayen kaka, amma babu gidan da za a kai.

Har cikin kwanon yaro abin ya shiga. Gonakin nesa, waɗanda suka fi yalwa, an bar su. Shanun da aka kora sun tafi da huɗa da taki da nono. Bafulatanar da ke shigowa gari da ƙwarya a ka, wadda ta san kowane gida da sunan yaransa, zargi da tsoro sun raba ta da masu sayen nononta, fura ta koma ta ruwa. 'Ya'yanta su ma yara ne, kuma su ne suka fi kowa nisa da allurar rigakafi da makaranta. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin mota da na hatsi a lokaci guda.

Sakamakon yana bayyana a layin asibiti. Ma'aikaciya ta zagaya wani siririn ma'auni mai launi uku a damtsen yaro. In ya tsaya a kore, a sallame su. In ya faɗa ja, damtsen bai kai santimita goma sha ɗaya da rabi ba, tamowa ce mai tsanani. A danna masa yatsa a ƙafa a ga ko wurin zai lotsa, a auna shi, a ba uwar ƙullin abincin tamowa, wannan haɗin gyaɗa da madara da ke cikin leda, a ce ta dawo mako mai zuwa. Ana yawan zargin iyaye mata da raba shi ga sauran yara ko sayar da wani abu daga ciki. Mai zargin bai taɓa zama da leda ɗaya a hannu ba, ga yara huɗu suna kallonsa, ba a ɗora tukunya tun jiya ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke wannan aiki a Katsina tun 2021, ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na jihar a watanni shida na farkon 2025, da yawansu don an kawo su a makare.

Wannan makara tana da alaƙa da ƙarancin hannu. Kafin uwa ta fita da marar lafiya, sai ta sami izinin miji, ta sami kuɗin babur, ta kuma sami wanda za ta bar wa sauran yara. Na ukun nan a da ba tambaya ba ce. Yanzu amsarta ita ce babbar 'yarta, yarinya 'yar shekara takwas ko tara da goyo a baya, ga wuta tana hurawa, ga talla tana jiran ta. Goyon ƙane tsohon abu ne a ƙasar Hausa, amma a da akwai manya kewaye da mai goyon. Duk ranar da aka bar mata gida, ranar ba ta je makaranta ba. Masu wayar da kai suna zuwa da saƙonni masu kyau, a ba da nono zalla wata shida, a wanke hannu, a kwana cikin gidan sauro, a kammala allura, sai dai kusan duk saƙon uwa ake dosa da shi, ita da ta fi kowa ƙarancin lokaci da ƙarancin iko a gidan. Inda aka jawo kaka da maigida cikin maganar, an fi ganin ta zauna, domin kaka ce ke cewa a ba jariri ruwa, maigida ne ke riƙe da kuɗin babur.

Akwai kuma sabbin abubuwa da suka cancanci a yaba. Matasan iyaye mata da suka yi Islamiyya ko firamare suna kiran ɗan fari da sunansa, suna duba kati su san ranar allura. Ana ganin uba ya ɗora ɗansa a tankin babur ya kai shi asibiti da kansa, abin da kakansa zai ji nauyin yi. Mata sun koyi haɗa garin kunu da gero da waken suya da gyaɗa, suna zuba zogale a abincin yara, suna adashi don ranar ciwo. A wuraren da aka yi gudun hijira, maƙwabtan da ba dangin juna ba sun fara riƙe wa juna yara, wannan ta je niƙa, waccan ta zauna da su.

A 2023 gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaro ta 'yan sa-kai da aka ɗauka daga cikin garuruwan, a 2025 kuma shugabannin al'ummar Kurfi suka yi zaman sulhu da 'yan bindiga a dajin Wurma. Mutanen garin ba su manta ba cewa sulhun da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ƙulla a Satumban 2019, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai musu, bai yi ƙarko ba. Shi ya sa komawa gida ke tafiya da taka-tsantsan: magidanci ya fara zuwa ya duba gona, ya gyara rufin ɗaki, mata da ƙananan yara su biyo baya in an ga damina ta wuce lafiya. Yaran da aka haifa a shekarar wancan hari sun kai shekarun shiga firamare a 2025, kuma wasunsu a Dutsin-Ma ko Kurfi aka rubuta sunayensu, ba a Wurma ba.